Harshe da Kare Kai a Shari'ar Sata, Fasa Gida da Fashi: Matsayin Mai Magana da Hausa a Gaban Kotu

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami babban gari a kudancin Nijeriya wanda ba shi da unguwar Hausawa ko kasuwarsu. Akwai Sabo a Ibadan, da Agege a Legas, da Aduwawa a Binin, da Bogobiri a Kalaba, da kasuwar shanu ta Lokpanta a jihar Abiya. Da yawa daga mazauna waɗannan wurare gadi suke yi, ko dako, ko acaɓa, ko sayen gwangwan da tsofaffin ƙarafa, ko dillancin dabbobi. Dukkan waɗannan sana'o'i ne da ke sa mutum kusa da dukiyar da ba tasa ba, don haka duk ranar da wani abu ya yi ɓatan dabo, sukan kasance cikin waɗanda ake fara tambaya. Akasarinsu kuwa ba su jin Ingilishi, wanda shi ne harshen manyan kotunan ƙasar nan.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wata rana da aka roƙe ni in yi tafinta a wata kotun majistare a garin da nake koyarwa. Wani dillalin tumaki ne ake tuhuma da satar rago daga garken abokin sana'arsa. Da na tambaye shi abin da ya faɗa wa 'yan sanda, sai ya ce mini:

(1) Na je na kamo ragona da asuba.

A takardar bayanin da aka rubuta da Ingilishi da sunansa kuwa, cewa aka yi ya je ya ɗauki ragon da dare. Ɗafin mallakar nan "-na" ya salwanta a hanya, alhali kuwa shi ne gaba ɗayan kariyar mutumin. Ya yi makonni a tsare kafin a warware maganar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda doka ta shata iyaka tsakanin laifuffuka uku, watau sata da fasa gida da fashi, da irin kariyar da ta tanadar wa wanda ake tuhuma da su, sannan ta nuna cewa mafi yawan wannan kariya a kan kalmomi ta rataya. Hausa tana da kalmomin da suka wadatar, sai dai inda ta ja nata layin ba kullum ba ne ya dace da inda doka ta ja nata. Idan tafinta bai san wuraren da layukan biyu suka saɓa ba, yana iya yanke wa mutum hukunci tun kafin alƙali ya buɗe baki.

2.0 Dokokin da Ake Shari'a da Su

Nijeriya ta gaji manyan kundayen laifuffuka guda biyu. Na farko shi ne Kiriminal Kod, wanda aka tsara a kan kundin jihar Kwinsland ta Ostireliya na 1899. An fara aiki da shi a Arewa a 1904, aka faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya a 1916, kuma shi ne tushen dokar laifuffuka a jihohin Kudu. Na biyu shi ne Final Kod, wanda aka kafa wa Jihar Arewa a 1959, ya fara aiki a 1960. Shi kuma daga kundin Sudan aka samo shi, wanda asalinsa kundin Indiya ne na 1860. A wannan maƙala za mu kira na farko kundin Kudu, na biyu kuma kundin Arewa. Wasu jihohi sun sake rubuta nasu, kamar Legas a 2011 da Kaduna a 2017, saboda haka lambobin sassa da adadin shekarun ɗauri sukan bambanta daga jiha zuwa jiha. Lambobin da aka kawo nan na kundayen asali ne.

Bayan waɗannan akwai dokar fashi da makami, wadda gwamnatin soja ta fara kafawa a 1970 bayan yaƙin basasa, aka sabunta ta a 1984. Kotunan musamman ne suka riƙa yin shari'a da ita har zuwa 1999, lokacin da aka mayar da hurumin ga manyan kotunan jihohi. Har wa yau, daga shekarar 2000 jihohin Arewa goma sha biyu, Zamfara a kan gaba, sun shigar da hukunce-hukuncen laifuffuka na shari'ar Musulunci cikin tsarinsu.

A bisa dukkan waɗannan akwai tsarin mulki na 1999. Sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 36(6) ya wajabta a sanar da shi laifin dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Dokar shaida ta 2011 kuwa, a sashe na 135, ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifin har ya kawar da duk wani kokwanto da hankali zai karɓa. Ma'anar wannan ita ce, kowane laifi yana da rukunai, kuma rushewar rukuni ɗaya ta isa ta rushe tuhumar, ko ta sauko da ita zuwa laifi mafi sauƙi. Aikin lauya mai kariya shi ne neman rukunin da bai tsaya ba.

3.0 Laifuffukan Uku da Kalmominsu

3.1 Sata

A sashe na 383 na kundin Kudu, sata ita ce ɗaukar abin wani da niyyar ha'inci, ko mayar da shi abin amfanin kai da irin wannan niyya. Babbar alamar ha'incin ita ce nufin raba mai abu da abinsa har abada. Hukuncinta na gama-gari shekara 3 ne, amma yakan kai 7 idan ma'aikaci ne ya saci kayan ubangidansa. A sashe na 286 na kundin Arewa, sata ita ce gusar da abin da ke hannun wani, ba da yardarsa ba, da niyyar rashin gaskiya, hukuncinta kuma yana iya kai shekara 5. Kundin Arewa bai shardanta nufin rabawa har abada ba, kuma ya ware cin amana da cinye dukiyar da ta shigo hannun mutum a matsayin laifuffuka masu zaman kansu, alhali kundin Kudu ya cusa mafi yawansu cikin sata.

Abin lura shi ne, a kundayen biyu, ɗauka ita kaɗai ba laifi ba ce, sai an haɗa ta da niyya. Hausa kuwa ta riga ta rarrabe wannan a cikin aikatau. Mu dubi waɗannan jimloli:

(2) Na ɗauki keken.
(3) Na ɗauko keken.
(4) Na ɗauke keken.
(5) Na ari keken.
(6) Na saci keken.

Jimla ta (6) ce kaɗai ikirari. Ta (2) ba ta ce komai a kan niyya ba. Ta (3), wadda ke giredi na shida bisa rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, tana nuna an kawo abin wajen mai magana, kuma ita ce wanda aka aika zai yi amfani da ita. Ta (4), giredi na huɗu, tana nuna kawar da abu ɗungurungum, ko don a sace shi ko don a tsare shi daga ruwan sama. Ta (5) tana ɗauke da niyyar mayarwa, wadda a Kudu take rushe rukunin rabawa har abada. Ga kuma wata matsala ta rubutu: idan wakilin suna ya biyo baya, "na ɗauke shi" yana iya zama giredi na biyu ko na huɗu, karin sauti ne kawai ke bambanta su, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna kari.

Haka nan Hausa ta bambanta aro da rance. Aro, abin da aka karɓa shi ake mayarwa. Rance kuwa madadinsa ake biya. Wannan bambanci yana da nauyi a kundin Kudu, domin game da kuɗi ya ce wanda ya ɗauka da nufin yin yadda ya ga dama da su ya yi ha'inci, ko da yana da niyyar biya daga baya. Ke nan yaron shago da ya ce "ranta na yi daga cikin ciniki" ya amsa laifi ba tare da ya sani ba, alhali wanda ya ce "aron keke na yi" yana da abin kare kansa. Ingilishi kalma ɗaya yake amfani da ita ga aro da rance, saboda haka a nan fassara ce ke haɗe abin da Hausa ta raba. Ajiya da jingina da tsintuwa da cigiya su ma kowace tana bayyana yadda abu ya shigo hannun mutum, kuma kowace tana da matsayinta a doka.

Kariya mafi muhimmanci a wannan babi ita ce ta sashe na 23 na kundin Kudu: ba a kama mutum da laifin dukiya idan ya yi abin da ya yi bisa imani na gaskiya cewa yana da haƙƙi a kan abin, ba da nufin damfara ba. Ba sai imanin ya zama daidai ba, ya isa ya zama na tsakani da Allah. Wannan ita ce kariyar mai ragon da muka ambata. Kalmomi irin su "ragona" da "haƙƙina" da "rabona" su ne ƙofar shiga wannan sashe.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke bi, iyakokin sun ma fi tsauri. Haddin sata ba ya hawa sai abin ya kai nisabi, watau rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma an fitar da shi a ɓoye daga ma'ajin da ya dace da shi. Wanda ya fizge abu a fili ya gudu, da wanda ya ci amana, ba su shiga haddin ba, ta'aziri ake yi musu. Shubuha tana kawar da haddi, kuma wanda ya yi ikirari yana iya janye shi. A nan bambancin da Hausa ta yi tsakanin sata da fizge da cin amana shi ne bambanci tsakanin yanke hannu da abin da bai kai haka ba.

3.2 Fasa Gida

A kunnen Bahaushe, fasawa tana tafe da ɓarna: an karya ƙyaure, an ɓalle kwaɗo, an huda bango. Doka ba haka ta ɗauke ta ba. A sashe na 410 na kundin Kudu, wanda ya buɗe ƙofa ko taga da ke rufe, ko da turawa ce ko ja ko ɗagawa ko mabuɗi, ya fasa. Wanda ya shiga ta hanyar barazana ko yaudara ko haɗa baki da na ciki, shi ma ya fasa. Shiga kuma tana tabbata da zarar wani ɓangare na jiki, ko na abin da ke hannun mutum, ya kai cikin ginin. Saboda haka waɗannan jimloli biyu, da mai magana zai ɗauka duk musun laifi ne, ba ɗaya suke ba:

(7) Ban fasa komai ba, tura ƙyauren kawai na yi.
(8) Ban fasa komai ba, a buɗe na sami ƙofar.

Jimla ta (7) ta amsa rukunin fasawa, ta (8) kuwa ta musa shi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Shiga gidan zama da niyyar aikata babban laifi ba tare da fasawa ba, shekara 7 ne a sashe na 412, ko 14 idan da dare ne. Fasawa da rana shekara 14 ne a sashe na 411, da dare kuwa ɗaurin rai da rai.

Wannan ya kawo mu ga kalmar dare. Kundin Kudu da agogo ya auna shi, daga ƙarfe shida da rabi na yamma zuwa shida da rabi na safe. Kundin Arewa da rana ya auna shi, daga faɗuwarta zuwa fitowarta. Bahaushe kuwa yana da almuru da magariba da lisha da tsakar dare da asuba da sassafe da hantsi. Wanda ya ce "da asuba" a ransa gari ya kusa wayewa, ba ya kiran lokacin dare, amma a kundayen biyu dare ne. "Da sassafe" da "da magariba" kuwa suna iya faɗawa kowane gefe na layin, gwargwadon gari da lokacin shekara. Wajibin tafinta ne ya bar kalmar yadda take, ya bayyana faɗinta, ya bar kotu ta nemi ainihin lokacin, ba ya zaɓar wa mutum tsakanin dare da safiya ba.

Kalmar gida ma haka take. A Hausa ta haɗa da zaure da tsakar gida da rumbu da turken dabbobi, har da shagon da ke jikin katanga. Doka kuwa ta bambanta wurin da mutane ke kwana da shago ko sito, kuma kowanne da sashensa. Sai kuma rukunin niyya: dole a tabbatar cewa tun lokacin shiga mutumin yana nufin aikata laifi. Mai gadin da ke da izinin shiga, da baƙon da ya fake wa ruwa a zaure, suna da abin faɗa a nan.

3.3 Fashi

Fashi, a sashe na 401 na kundin Kudu, sata ce da aka haɗa da amfani da ƙarfi ko barazanarsa, a lokacin satar ko dab da ita ko nan take bayanta, domin a sami abin ko a riƙe shi ko a murƙushe turjiya. Ke nan duk abin da ya rushe sata ya rushe fashi. Dokar 1984 ta sa ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga fashi, da hukuncin kisa idan mai fashin yana riƙe da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai riƙe da shi, ko ya raunata wani. A wani hukunci da ta yanke a 1985, wanda har yau ake kafa hujja da shi, Kotun Ƙoli ta zayyana abubuwa uku da za a tabbatar: an yi fashi, fashin da makami aka yi shi, kuma wanda ake tuhuma yana cikin waɗanda suka yi.

A Hausa, fashi yana kawo hoton tare hanya da gungun mutane, irin abin da ake kira kwanta-kwanta. Ƙasa da shi akwai ƙwace da fizge da wafce da sane da yankan aljihu. Sane da yankan aljihu sata ce tsantsa. Ƙwace kuwa a kan layi yake zaune, domin ana cewa "ya ƙwace mini waya" ko an nuna wuƙa ko ba a nuna ba. Idan tafinta ya mayar da kowane ƙwace fashi, ya ɗaga tuhumar daga 'yan shekaru zuwa ashirin da ɗaya ko fiye.

Makami ma kalma ce mai faɗi a doka, domin ta haɗa da adda da wuƙa da gatari da kulki, da duk wani ƙarfe ko itace da za a iya cutarwa da shi. Makiyayi ba ya rabuwa da sanda, mahauci da wuƙa, mai gadi da gora. Tambayar "kana riƙe da makami?" da tambayar "me ke hannunka?" amsa daban-daban za su samu daga mutum ɗaya mai gaskiya, sai a ga kamar ya yi tufka da warwara.

Mafi haɗari duka ita ce kalmar tare. Hausawa na cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, amma doka ba ta hukunta abota, sai tarayya cikin niyya da aiki. "Muna tare da su" tana iya nufin ɗaki ɗaya muke kwana, ko gari ɗaya muka fito, ko mota ɗaya muka shiga. Haka nan wakilin sunan nan "an" da "aka", wanda ba ya fayyace mai aiki:

(9) Da aka tare motar, sai aka karɓe kuɗin fasinjoji.

Mai wannan magana bai ce yana cikin masu tarewar ba, yana ma iya kasancewa fasinja. Tafintan da ya ga jimlar ba ta da mai aiki, ya cike gurbin da "mu", ya sa mutum a bakin igiya.

4.0 Sauran Hanyoyin Kariya

Kariyar da aka fi kawowa a shari'ar fashi ita ce "ba na wurin". Kotuna sun tsayar cewa wanda zai kawo ta ya faɗe ta tun a ofishin 'yan sanda, ya ambaci inda yake da waɗanda yake tare da su, sannan nauyin binciken maganar ya hau kan 'yan sanda. Rashin binciken yana iya haifar da kokwanton da zai amfani wanda ake tuhuma. Amma "ina can wajen 'yan'uwanmu", wadda cikakken adireshi ce ga mazaunin zango, a takarda ba ta nuna ko'ina. Idan mai rubuta bayani bai bi ta da tambaya ba, daga baya sai a ce mutumin bai ba da bayanin da za a bincika ba.

Ta biyu ita ce ƙalubalantar shaidar gane fuska. Inda wanda aka yi wa fashi bai san maharin ba tun da, kuma ganin ɗan lokaci ya yi masa cikin duhu da firgici, ana bukatar a jera wanda ake zargi cikin mutane masu kama da shi a ga ko mai shaida zai fitar da shi. Shaidar da ta tsaya a kan cewa maharan Hausa suke yi ba ta nuna kowa ba, tun da miliyoyin mutane ne ke magana da harshen, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba.

Ta uku ta shafi kayan da aka samu a hannu. Sashe na 167 na dokar shaida ya ba kotu damar ɗaukar wanda aka sami kayan sata a hannunsa jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon, ko wanda ya karɓa da saninsa, sai fa in ya yi bayanin yadda suka zo masa. Hausa tana da sunan na biyun, watau ɓarawon zaune. Rukunin laifinsa shi ne sani. Mai sayen gwangwan da ya ce "ban san na sata ba ne" ya musa wannan rukuni. Idan aka taƙaita maganarsa zuwa "ban sani ba", sai ta koma ƙin ba da bayani.

5.0 Ikirari da Tafinta

Shari'o'in sata da fashi da dama a kan takardar ikirari suke tsayawa. Sashe na 29 na dokar shaida ya hana karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, dokar 2017 kuma ta mayar da azabtarwa laifi mai zaman kansa. A nan akwai wani bambanci da kotuna ke yi wanda ya kamata kowane tafinta ya sani. Idan wanda ake tuhuma ya ce bai yi bayanin ba sam, ana karɓar takardar, a auna nauyinta a ƙarshe. Idan kuwa ya ce ya yi amma tilasta shi aka yi, sai a dakatar da shari'ar, a yi wata ƙaramar shari'a a cikinta, inda mai gabatar da ƙara zai tabbatar cewa da son ransa ya faɗa. To, jimlar da Bahaushe ya fi yi a wannan hali ita ce:

(10) Wannan ba maganata ba ce.

Tana iya nufin ban faɗa ba, tana iya nufin an sa ni na faɗa, tana kuma iya nufin na faɗi wani abu aka rubuta wani. Hanyoyi uku ne a doka, jimla ɗaya a Hausa.

Akwai kuma kalmomin ladabi. Wanda ya tashi cikin tarbiyyar Hausa, idan ya tsaya gaban mai iko yakan ce "a yi haƙuri", "na tuba", "a yi mini rai", ko yana da laifi ko ba shi da shi. "To" da "na ji" suna nuna saƙo ya iso, ba yarda da abin da ke cikinsa ba. Wanda bai san al'adar ba zai rubuta su a matsayin amsa laifi. A laifin da hukuncinsa kisa ne doka ta yi rigakafi, domin ko mutum ya amsa, musu ake rubuta masa. A sata da fasa gida babu wannan rigakafi.

Doka ba ta yi shiru a kan tafinta ba. Tun 1949 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta tsayar cewa bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya karɓuwa sai an kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba ya zama jita-jita, kuma Kotun Ƙoli ta ci gaba da bin wannan ƙa'ida. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka bi sahunta da nasu, ta tanadi a sashe na 17 cewa wanda ba ya jin Ingilishi a samo masa tafinta ya rubuta bayanin, ya karanta masa har ya fahimta, ya kuma sa sunansa da adireshinsa. Ta kuma yi tanadin kasancewar lauya ko jami'in hukumar ba da agajin shari'a a wurin, da ɗaukar ikirari a bidiyo. Sai dai kotuna sun nuna cewa wanda yake da lauya, bai kuma yi ƙorafin rashin tafinta a lokacin shari'a ba, da wuya a saurari ƙorafin a ɗaukaka ƙara. Abin da dokar ba ta fayyace ba shi ne wane ne ya cancanci a kira tafinta. A aikace, sau da yawa ɗan sandan da ya taɓa aiki a Arewa ne, ko wani ɗan kasuwa da aka kira daga bakin titi, maganar kuma ta bi ta broka kafin ta isa Ingilishi. Wani lokaci ma Hausar ba ita ce harshen uwa na wanda ake tuhuma ba, Bafulatani ne ko Babarbare ko Buzu da ke amfani da ita don hulɗa.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kariyar wanda ake tuhuma da sata ko fasa gida ko fashi ta dogara ne a kan abubuwa ƙalilan: niyyarsa, da haƙƙin da yake ganin yana da shi, da yadda ya shiga, da lokacin, da abin da ke hannunsa, da wanda yake tare da shi. Kowanne daga cikinsu Hausa tana bayyana shi da ɗafi ko giredin aikatau ko wakilin suna ko kalmar lokaci, irin ƙananan abubuwan da fassarar gaggawa ke fara zubarwa.

Masana harsunan Nijeriya sun taɓa yin irin aikin da ake bukata. A 1990 an fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa, a 1991 kuma aka fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarbanci. Abin da ya rage shi ne makamancinsa na shari'ar laifuffuka, wanda ba jera kalma da takwararta kawai zai yi ba, zai nuna inda ma'anar doka ta fi ta harshe faɗi ko ƙunci, kamar yadda muka gani a fasa da dare da ƙwace. Ya kamata kuma a riƙa rubuta bayanin wanda ake zargi cikin harshen da ya yi shi, a ajiye shi tare da fassararsa, domin a sami abin komawa idan an yi gardama. Sassan koyar da harsunan Nijeriya a jami'o'inmu suna iya buɗe kwas na horar da tafintocin kotu tare da tsangayoyin shari'a. Matsalar ba ta Hausa ce kaɗai ba, domin Bayaraben da ke gaban kotu a Sakkwato da Inyamurin da ke gabanta a Maiduguri suna cikin hali guda. Muna fata abokan aiki masu nazarin waɗannan harsuna za su gwada jimlolin da aka kawo nan da nasu, a ga inda layukan suka faɗa.